Ranar da Kuka Bar Ni da Kula a Gindin Dutse

Zuwa ga 'yata Safiya, autata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Manchester lafiya, kin kuma tarar da ɗakin nan na Hulme yadda aka kwatanta miki. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya sa ki fara aikin asibitin nan a sa'a, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan Sparkhill, unguwarmu ta Birmingham, sai godiya. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki biro ba, wannan uwarki za ta cika miki kunne da shi a waya.

Kin san ban yi boko ba. Rubutun nan a bakin aiki na tsince shi, baƙi ɗaya-ɗaya, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki bi shi a haka. In wata kalma ta gagare ki, ki tambayi uwarki, amma kalmar kawai za ki karanta mata, ba takardar duka ba.

Akwai maganar da ke cina shekara da shekaru. Ke ce ta ƙarshe da ta rage a gidan nan, ga shi kin tafi, ba zan ci gaba da riƙe ta ni kaɗai ba. Maganar ita ce ranar da kuka bar ni a gindin dutse a ƙasar Norway, ni da kular abinci da jakunkuna, kuka hau ganin inda ruwa ke zubowa, ke da yayanki da uwarku. Daga ranar har yau babu wanda ya zaunar da ni ya ce, Baba ga dalili.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ai an tambaye ka, kai ka ce a'a. Na ce, ban musa ba. Amma sau nawa aka tambaye ni?

Bari in tuna miki, don lokacin kina yarinya, hankalinki na kan waya. A shekarar ce aka rufe gidan yinin tsofaffi inda nake aiki, wanda nake buɗewa da safe, in kunna hitar ɗumama ɗaki, in jera kujeru, in kulle da yamma. Aka ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, babu kuɗin irin waɗannan wurare. A shekarar dai aka rage ranakun laburaren da kike zuwa karatu. Na dawo gida na zauna, aljihuna babu nauyin makulli. Yayanki ya fara aiki ke nan. Ya ga shiruna ya yi yawa, sai ya ce zai kai mu hutun bazara mu ga duwatsu, ko zuciyata ta yi sanyi. Niyyarsa kyakkyawa ce, ban taɓa cewa ba haka ba ne.

Kuskurena na farko tun a Birmingham na yi shi, kafin mu hau jirgi. Da za a rufe wurin an kira taro. Wata mata mai fayil ta gama bayani, ta ce akwai mai magana? Ina da magana. Na yi kwanaki ina shirya ta. Ina so in gaya musu akwai wata tsohuwa 'yar Jamaica da ba ta cin abinci mai zafi sai a wurin nan, akwai kuma wani dattijo da ba ya jin an kira sunansa sai ya shigo ƙofar nan. Amma ni ne babba cikin ma'aikata, kuma a inda na fito babba ba ya tsalle ya kama magana. Juyowa ake yi a ce Malam kai fa, ya ce a'a ku dai yi, a ce don Allah, sannan ya gyara murya. Na zauna ina jiran a juyo. Matar ta dubi ɗakin sau ɗaya, ta rufe fayil, ta ce thank you. Ba na cewa da na yi magana da an fasa rufewa. Amma da ta fita daga cikina.

To ke, a wurin aikinki, in an ce akwai mai magana kuma kina da ita, ki ɗaga hannu a karon farko. Ba rashin kunya ba ne. Mutanen nan ba sa zagayowa.

Kuskure na biyu na tufafi ne. Ni a sanina, in za ka ƙasar mutane baƙunta za ka, baƙo kuwa yakan shiga da mutunci. Na ɗauko babbar rigata ta shadda mai ruwan ƙasa, da hula, da takalmin fata na sallah mai santsin ƙasa. Yayanki ya ce, "Baba, dutse fa za mu, ba ɗaurin aure ba." Na ce masa dutsen ma yana da masu shi. Muka sauka, iska ta shiga rigar nan ta hura ni kamar za ta ɗauke ni ta mai da ni Ingila. Kina dariya kina ɓoye baki, na gan ki. Takalmin kuwa, duk inda ya taka jiƙaƙƙen dutse sai ya nemi ya tafi ya bar ni.

Kafin ki yi shiga, ki tambayi hanya. Wannan ya shafi tufa, ya shafi aiki, ya shafi mutumin da wata rana zai zo ya ce yana sonki. Yanzu ina da wani takalmin mai kauri, mai haƙora a ƙasa, na saya a wani shago a Stratford Road. Na zuwa wurin GP ne, wato likitan unguwarmu, saboda titin yana da santsi in an yi ruwa. Kada a fassara min shi da wani abu.

Na uku a jirgin ruwa ne. Kin tuna abin da suke kira fiyod, inda teku ta kutsa tsakanin duwatsu kamar lungu? Da za mu shiga jirgin yayanki ya kama min hannu a gaban mutane, kamar wanda ya ɗauko mara lafiya. Raina ya ɓaci. Mutumin da aka sallama daga aiki wata biyu da suka wuce, ko kallon tausayi aka yi masa sai ya ji kamar an mare shi. Na shige ciki, na zauna na ba wa taga baya. Kuna waje kuna ta nuna abubuwa, ni ina kallon na'urar sayar da shayi. Sai da tafiya ta yi nisa na gaji da fushin na fito.

Safiya, ban taɓa ganin irin wannan shiru ba. Ruwan kwance, kore, ko motsi babu sai layin da jirgi ya ja. Duwatsu tsaye dama da hagu, sai na dafe hula kafin idona ya kai ƙarshensu. Can sama ga wani ɗan jan gida shi kaɗai, da awaki, na tsaya ina tunanin yadda matar gidan take zuwa cefane. Ga ƙanƙara fara a kan tsauni, a tsakiyar bazara. Sannan ga ruwa yana saukowa daga kan dutse, fari fat, kamar an warware rawani daga sama an sake shi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ce Subhanallah a hankali. Wani ma'aikacin jirgi ya ce min mafi girmansu mun riga mun wuce shi, lokacin da nake ciki.

Kada ki ɗauki fushin wani gari ki kai wani gari. In an ɓata miki rai a asibiti, ki ajiye shi tare da rigar aiki. Ni na kwaso nawa tun daga Birmingham, na hau jirgin sama da shi, na hau na ruwa da shi, abin da ya tsinana min shi ne ya hana ni ganin ruwan da ya fi kowanne.

Akwai abin da ba ku sani ba, don ban taɓa ba ku labarin kakanku yadda ya kamata ba. Mahaifina haƙar rijiya ce sana'arsa. A ƙasarmu babu dutse, fili ne iya ganinka, ruwa kuwa sai an bi shi ƙasa da diga da igiya. Ni nake jan guga in zubar da ƙasa, shi yana can ciki, muryarsa na fitowa kamar daga wata duniya. In ya kai ga laima sai ya dunƙulo ta ya aiko min a guga in shinshina. Har ya koma ga Allah bai san akwai ƙasar da ruwa ke neman mutane daga sama ba, ban da na damina. Da na ga ruwan nan yana zubowa, abu ɗaya ya tsaya min a rai. Ina so in hau in ga inda yake fitowa, in sa hannuna a ciki. Na san an ce ƙanƙara ce ke narkewa, ke kika gaya min. Na ji. Amma ɗan mai haƙar rijiya ba ya yarda da ruwa sai ya taɓa shi a mafarinsa.

Washegari muka ɗauki motar haya muka je gindin wani dutse mai babban ruwa irin wannan, wanda aka ce akwai hanyar ƙafa har samansa. Tun daga wurin ajiye motoci ƙararsa ta cika kunne, feshinsa na taɓa fuska. Zuciyata ta riga ta hau. Sai yayanki ya dubi takalmina, ya dubi hanyar, ya ce, "Baba, za ka iya kuwa? It's a bit steep, hanyar da ɗan hawa."

Ki duba tambayar. Bai ce Baba taso mu je ba. Cewa ya yi za ka iya. Me dattijo zai ce wa ɗansa a gaban uwarsa da ƙanwarsa? Na ce, "Ku je kawai. Wa zai duba kaya?"

Na faɗa ina gyara riga, ina shirin tashi, don na san abin da ke biyo baya. Za a ce haba Baba, kaya ai a mota za su zauna. In ce a'a, ku yara ku je. A ce wallahi in ba ka je ba mu ma mun fasa. Sannan in ce to, tunda kun matsa. Haka ake yi. Haka na yi wa mahaifina, haka ya yi wa nasa.

Yayanki ya ce, "Okay, Baba. Ba za mu daɗe ba." Ya miƙo min makullin mota.

Na dubi uwarki. Ita ai ta sani, gari ɗaya muka fito. Tana zaune a kan wani dutse tana ɗaure igiyar takalminki na makaranta da ta ara. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, shekara talatin ina roƙonka ka ci tuwon da kai da bakinka ka ce a tuƙa. An ce hutu muka zo. To ni ma ina hutu."

Kuka tafi. Na zauna a benci, kula a dama, jakunkuna a hagu, makulli a hannu. An sallame ni daga gadi a Birmingham, an kawo ni Norway na kama wani.

Can sai ga wani tsoho ɗan ƙasar ya sauko daga hanyar da kuka bi, da sanda biyu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya zauna kusa da ni, ya buɗe filas, ya ce kofi? Sanyi ya shiga ƙashina, ƙamshin kuma ya daki hancina. Na ce no, thank you. Ya gyaɗa kai ya shanye abinsa. Ni kuma na buɗe kula na ciro dambun naman da uwarki ta yi, na miƙa masa. Ya ce no. Na sake miƙawa, ya girgiza kai. Na ɗora masa a tafin hannu. Ya ɗanɗana, ya dube ni, ya miƙo hannun kuma. Sai da ya ci rabin robar. Kin ga ke nan ba al'adarmu ce ba ta aiki ba, ko a kan Bature tana aiki, masu yi ne babu.

Da ɗan Turancinsa da ɗan nawa ya tambaye ni me ya hana ni hawa. Na nuna masa kaya. Ya yi dariya, ya ce a nan ko jaka ka bari a buɗe sai dai tsuntsu ya leƙa. Ya ce hanyar an yi mata matakala da ƙarfen dafawa, akwai benci a kowace kwana, shi duk mako yake hawa. Na so in tashi in bi ku. Amma wanda ya ce ba ya zuwa, kuma a gan shi yana haki a bayan mutane, ba wanda ya kira shi? Na zauna.

Kuka sauko a jiƙe kuna dariya, mayafin uwarki ya manne mata a kai, tana ta cewa ikon Allah, ikon Allah. Kika kawo min waya kika ce in ga hoto. Na ce idona na ciwo. Har yau ban kalli hotunan nan ba, kuma ba zan kalla ba.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kuma har yanzu ina ganin kowannenku yana da kasonsa, uwarki ta fi kowa. Amma akwai wani ɗan kaso da na yarda nawa ne. Farkon zuwana ƙasar nan, bayan maigidan da na biyo a matsayin direba ya gama karatu ya koma, na sami aiki a gidan burodi. Shugabanmu na wurin ya gayyace ni gidansa ran Lahadi. Tun safe ban ci komai ba, don na san gidan mutane za ni. Matarsa ta ce zan ci abinci? Na ce a'a, na ƙoshi. Suka ba ni kujera mai laushi, suka zauna suka cinye kaza a gabana, suna yi min hira. Na koma ɗaki da yunwa. Ranar na yi alkawari 'ya'yana ba za su sha wannan ba. Tun kuna ƙanana nake ce muku Bature tambaya ɗaya yake yi, in kuna so ku ce kuna so, in an ce muku a'a ku karɓa ku wuce. Kuka koya, har kuka fi malamin. Rabin karatun na ba ku. Na koya muku yadda ake amsa wa mutanen nan, ban koya muku yadda ake tambayar mutanenmu ba.

Ga ɗaya rabin, ki riƙe shi, don aikinki zai nema. A gadon asibiti za ki tarar da tsofaffi irina, na ƙasarmu, na Pakistan, na Somaliya, har da wasu tsofaffin Turawan. Za ki ce akwai ciwo, ya ce alhamdulillahi. Kada ki rubuta babu ciwo. Ki gyara masa filo, ki yi kamar za ki wuce, ki dawo ki sake tambaya da wata fuskar. Kada ki ce za ka iya tashi, ki ce taso mu je, ni ma can za ni. In ya ce ba ya jin yunwa, ki ajiye kwanon kusa da hannunsa ki ce ke za a yi wa faɗa in ya dawo da shi. Ki ba shi ƙofar da zai bi ya karɓa ba tare da ya roƙa ba. Tsoho ba abinci ko magani yake ƙi ba, ƙin a gan shi yana buƙata yake yi. Haka in kin haɗu da mutanenmu a Oxford Road can Manchester, ɗaliban nan da matansu, ko 'yan Jos masu zuwa coci, kika ce bismillah suka ce sun ƙoshi, kada ki rufe tukunya.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta ƙi jira. Makon jiya yayanki ya bugo waya. Ya ce bana zai kai matarsa da yara wurin dutsen nan na Norway, ke ma kin nemi hutu, uwarki kuwa har ta fara zancen dambu. Ya ce, "Baba, kana son zuwa?"

Na ce, "Me zan je yi? Dutsen ya canza ne?"

Ya ce, "Okay, no problem." Ya shiga ba ni labarin motarsa.

Uwarki na zaune tana tsince wake, tana ji. Ta ce, "Allah Ya ƙara lafiya, Malam." Ta ci gaba da wakenta.

Gwiwata ta hagu kin san halin da take ciki. GP ya sa sunana a layin masu jiran a yi musu aikin tiyata, layin kuwa kin fi ni sanin tsawonsa a wannan zamani. Ya ce bayan aikin tafiya a fili ba matsala, amma hawa sai abin da Allah Ya yi. Bana tana ɗaukata, in na bi ta a hankali, ina hutawa a benci. Baɗi ban sani ba.

Ba zan iya gaya wa yayanki wannan ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa a gaban mutane ba, balle in buɗe baki in ce masa ya tafi da ni. Uwarki kuwa ta ce tana hutu, ban ga alamar hutun ya ƙare ba. Ke ce auta, tsakanina da ke babu wannan nauyin.

Allah Ya yi miki albarka. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Ki riƙe sallarki, ki kulle ƙofarki, ki ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana. Allah Ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kika nufo gida. Amin.

Saura amsar da nake bin ki. Ranar nan ke ce a baya. Da kuka kai inda hanya ta fara hawa, kin tsaya, kin juyo kin dube ni a bencin nan, kin buɗe baki. Na gani. Na riga na dafa gwiwa zan miƙe. Sai yayanki ya kira ki, kika rufe bakin kika bi su. Me za ki ce? Ina so a gaya min, na gaji da yi wa kaina hasashe. In abin da nake zato ne, to bakin naki yana nan, waya kuma tana aiki tsakanin Manchester da Birmingham. Ki sani zan ce a'a. Ki sake, zan kuma cewa a'a. Kada ki ce min okay.

A ba ni amsa kafin yayanki ya yanki tikiti.

Mahaifinki.